Fata da Abin da Yake Jingina a Kai: Nazari kan Manoman Auduga na Tuboro, Arewacin Kamaru

Tsakure

Wannan takarda ta dubi fata, wato sa rai da abin da bai zo ba tukuna, ta fuskar aikin da yake sa mutum ya yi a yau. Fagen nazarin shi ne garin Tuboro da ƙauyukansa, a gundumar Mayo-Rey ta arewacin Kamaru, inda noman auduga da bututun man Cadi da matsalar ƙasar noma da ta tsaro suka haɗu a wuri guda. Matsayar takardar ita ce fatan manomi yana tsawo yana gajarta, kuma bayan ikon Allah da ƙoƙarin manomin kansa, abin da ya fi ƙayyade wannan tsawo shi ne alkawarin da wasu mutane suka yi masa, da yadda suka saba cika shi.

Gabatarwa



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san binne. Ana tsakiyar bazara, ƙasa a bushe, manomi zai ɗauko irin geron da ya hana iyalinsa taɓawa tun kaka, ya je gona ya sara ya zuba ya rufe, alhali ko ɗigo bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya riga kowa. In yayyafi aka yi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, to an yi asara. Mun saba lissafa fata cikin halayen zuci, tare da haƙuri da dangana, mu bar wa masu wa'azi bayaninsa. Amma mai binne ya nuna mana cewa fata yana da awo. Ana iya tambaya: mudu nawa ya yarda ya fitar daga rumbu, kuma wata nawa ya shirya jira?

Da waɗannan tambayoyi biyu takardar za ta yi aiki. Me mutum ya yarda ya rabu da shi yau saboda gobe, kuma nisan goben nan nawa ne? Na zaɓi Tuboro saboda a can ana noman abin da ba a ci, a kan ƙasar da da yawa cikin manoman baƙi ne a kanta, kusa da iyakoki biyu, kuma a ƙarƙashin tsarin ciniki irin wanda arewacin Najeriya ta taɓa yi ta rushe.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a Ihya'u Ulumiddin ga tsoro da fata, kuma da manomi ya buga misali. A taƙaice, ya raba masu jiran amfanin gona gida uku. Akwai wanda ya nemi ƙasa mai kyau da iri mai kyau, ya ba da ruwa, ya nome, sannan ya zauna yana jiran Allah ya kare shukar daga annoba. Wannan ne ya cancanci a kira jiransa fata. Akwai wanda ya shuka a ƙasa mai kyau amma inda ruwa bai cika zuwa ba, yana jira ko a dace. Nasa guri ne. Sai wanda ya watsa iri a kan fako ya tafi abinsa yana jiran girbi, wanda jiransa ruɗi ne kawai. Maganar lahira malamin yake yi, amma tunda daga gona ya aro ma'aunin, babu laifi mu mayar da shi gona.

Sai dai a misalin nasa sababai iri biyu ne: na hannun manomi da na sama. Ga wanda yake noman gero ya ci, wannan ya wadatar. Manomin auduga kuwa ba ya cin auduga. Ko ƙasa ta yi kyau, ruwa ya zauna, tsutsa ba ta shiga ba, abin da ya tara a tsakar gida bai zama tuwo ba sai wani ya zo ya auna ya biya. Ke nan akwai sababi na uku, wanda yake hannun mutane irinsa: mai saye, mai ba da bashin taki, mai ikon ƙasa, da hukumar da alhakin tsaron hanya yake wuyanta. Wannan na ukun shi ne abin nazarinmu.

Malaman fiƙihu sun riga mu kula da shi. Shari'a ta hana cinikin garari, wanda ba a san ainihin kayan ko kuɗin ba, ta kuma hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nunarsu ta bayyana. Amma ta halatta salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san awo, a san siffa, a san wa'adi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an yi rangwamen jinkirta kuɗin zuwa kwana uku kawai. Hikimar a fili take: ana iya ƙulla ciniki kan abin da bai zo ba, matuƙar an rage duhun da ke tsakanin yau da ranar. Hausawa ma suna da tasu hanyar, wato falle, inda mai hali ke ba manomi kuɗi ko hatsi da damina a biya shi da amfanin gona da kaka, kuma kowa ya san yadda wannan yakan zama tarko ga wanda yunwar damina ta matsa wa.

Daga ɓangaren masana tattalin arziki, Marc Nerlove ya nuna a shekarun 1950, da alƙaluman manoman auduga da alkama da masara na Amurka, cewa faɗin gonar da manomi zai shuka yana bin farashin da yake tsammani, kuma tsammanin nan daga abin da ya gani a shekarun baya yake gina shi, yana gyarawa kaɗan-kaɗan. Wannan ya dace da abin da kowane dattijo a karkara zai gaya maka: bara ce ke koya wa manomi abin da zai yi bana.

Tuboro da mutanenta

Tuboro tana bakin kogin Vina, a kudu maso gabashin yankin Arewa wanda Garwa ce hedikwatarsa, daf da iyakar Cadi da ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A sarautar gargajiya tana ƙarƙashin Lamiɗon Rai Buba, masarautar da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19. Mutanen asali sun haɗa da Mbum, ga Fulanin gida da Mbororo makiyaya, ga Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, kuma Fulatanci ne harshen kasuwa. Damina a nan ta fi ta Marwa tsawo da yawan ruwa nesa ba kusa ba.

Abin da ya sauya fuskar yankin shi ne ƙaura. Daga shekarun 1970 gwamnati ta fara shirye-shiryen buɗe kwarin Binuwai ga manoma daga arewa mai nisa, inda mutane suka yi yawa ƙasa ta gaji. Aka fara da arewa maso gabashin Binuwai, sannan kudu maso gabas, inda Tuboro take, kuma kamfanin auduga ne ya jagoranci aikin wannan ɓangaren. Mafa suka sauko daga duwatsun Mandara, Tupuri da Giziga da Mundang suka taso daga filayensu, suka sare daji suka kafa ƙauyuka. Mutumin da ya bar kabarin iyayensa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa dajin da bai sani ba, ya sa jari mafi girma da ɗan Adam zai iya sawa. Abin da ya tsaya masa a zuci a lokacin abu ne mai suna: akwai fili, akwai rijiya, akwai hanyar da motar kamfani za ta shigo, akwai wanda zai sayi abin da ya noma.

Farashin da ake faɗa kafin shuka

Noman auduga na sayarwa ya kafu a arewacin Kamaru a farkon shekarun 1950 a hannun kamfanin Faransa mai suna CFDT. A 1974 aka kafa Sodecoton ya gaje shi, da hedikwata a Garwa, gwamnati na riƙe da mafi yawan hannun jarinsa. Kamfanin yana da injinan gurzar auduga a garuruwa da dama, har da Tuboro. Manoma kuma suna cikin ƙungiyoyin ƙauye, waɗanda tun 2010 suke ƙarƙashin tarayyar manoman auduga ta ƙasa, CNPC-C.

Yadda tsarin yake tafiya shi ne zuciyar wannan takarda, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kafin a yi shuka ake sanar da farashin da za a sayi kilon auduga, da kuɗin buhun taki da na maganin feshi. Manomi ya yanke shawarar rubu'in hekta nawa zai yi, domin da rubu'i ake lissafin gonar auduga a can. Ya karɓi iri da taki da maganin ciyawa da na ƙwari bashi. Ba a tambayarsa takardar fili ko jinginar gida, saboda ba shi da su. Abin da ake nema shi ne ya shiga rukunin 'yan lamuni, mutane kaɗan da suka san juna suka tsaya wa juna: wanda audugarsa ta kasa biyan bashinsa, sauran ne za a cire wa. Ya yi shuka a farkon damina, ya yi firi da maimai, ya yi feshi a kai a kai, ya fara cira bayan ɗaukewar ruwa. A fuloti, wato wurin awon auduga, a duba inganci, a ɗora a sikeli, a cire bashi, a biya shi abin da ya rage. Daga ranar da ya ji farashi zuwa ranar da kuɗi ya shiga hannunsa, wata takwas ne ko fiye.

A ma'aunin fiƙihu wannan ba salam ba ne, tunda ba a biya kuɗin audugar tun farko ba. Amma ya yi tarayya da salam a manufa, domin ya cire wa manomi duhu ɗaya cikin duhunan da ke gabansa. Bai san yadda damina za ta kaya ba, bai san ko tsutsa za ta yi yawa ba, amma ya san wanda zai saya, ya san nawa. Abin da manomin Nerlove yake kintata daga farashin bara, manomin Tuboro an faɗa masa shi da baki. Da wannan sanin yake iya lissafi, kuma lissafin nasa ya wuce gonar auduga. Ta hanyar ƙungiyar auduga yake samun takin masara. Masarar da ta biyo auduga a gona tana cin ragowar takin bara. Kuɗin auduga yana zuwa a dunƙule, saɓanin na masara da gyaɗa da ake sayarwa kaɗan-kaɗan, don haka da shi ake sayen shanun huɗa da garma, da kwanon rufi, da shi ake aure, da shi ake biyan bashin asibiti. Ɗan kasuwa Bahaushe da ke ba da atamfa ko babur bashi a Tuboro, shi ma da ranar biyan kuɗin auduga yake lissafi. Alkawari ɗaya da aka yi a Garwa kafin damina, gari guda ne yake rataye a jikinsa.

Tarihin tsarin ya nuna yadda fata ke bin abin da aka gani. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin da ake biyan manomi ya ɗaga, noman ya faɗaɗa shekara bayan shekara, har abin da Kamaru ta noma ya kai wajen tan 300,000 a kakar 2004 zuwa 2005. Daga nan iska ta juya. Farashin duniya ya yi ƙasa, kuma tallafin da Amurka ke ba manomanta yana cikin dalilan, abin da ya sa Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancun a 2003. Yuro, wanda sefa ke ɗaure da shi, ya yi ƙarfi a kan dalar da ake sayar da auduga da ita. Taki ya yi tashin gwauron zabo a 2008. Cikin 'yan shekaru noman ya faɗi ƙasa da rabi. Manoman ba su daina sa rai ba, sun dai ɗauke ransu daga auduga suka mayar kan masara da gyaɗa da waken suya, wanda yankin Mayo-Rey ya zama cibiyarsa. Da yake an faɗa musu farashin tun kafin su shuka, sun janye tun ba su zuba guminsu ba. Ina ganin wannan ma yana cikin amfanin alkawari bayyananne: yana ba mutum damar ya ce a'a da wuri.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ta ɗaya gefen. A Maris na 2011 farashin auduga a kasuwar duniya ya haura dala 2 kan kowane laba, abin da ba a saba gani ba. Farashin da aka sanar wa manoman Kamaru kafin damina ya zama ɗan kaɗan a kan abin da 'yan kasuwa daga Najeriya suke bayarwa, kuma kuɗi hannu. Auduga mai yawa ta tsallaka iyaka, musamman daga yankunan da ke kusa da Najeriya. Ba zan ɗora wa talaka laifi da sauƙi ba. Mutumin da ya sha shekaru biyar yana noma ba riba, aka nuna masa ninki, zai ce ƙwai a baki ya fi kaza a akurki. Amma a duba wanda ya biya kuɗin wannan ƙwai. Wanda ya karɓi taki bashi ya sayar a waje, bashinsa kan 'yan rukuninsa ya faɗa, wato maƙwabcinsa da ya cika alkawari. Kafin shekarar ta ƙare farashin duniya ya rikito da fiye da rabi, masu sayen kuɗi hannu suka ɓace, kuma ba su taɓa kawo wa kowa buhun taki da damina ba. Alkawarin nan mai baki biyu ne: kamfani ya saya ko kasuwa ta faɗi, manomi ya kawo ko kasuwa ta tashi. Duk ɓangaren da ya saɓa, fatan shekara mai zuwa ya ci.

Ba na so a fahimce ni kamar tsarin ba shi da aibi. Manomin da mai saye ɗaya gare shi ba shi da bakin ciniki. In aka ce audugarsa ta faɗa daraja ta biyu, ƙorafinsa ba ya nisa. Lamunin juna yana sa mai ƙwazo ya ɗauki nauyin rago, yana kuma haddasa gaba tsakanin dangi. Mafi muni shi ne jinkirin ɗauka ko na biya, in ya faru. Auduga tana jibge, ruwan bazara na barazana, yaro ba lafiya, sai manomi ya koma ga mai falle ko ya karyar da masarar da ya ajiye don ci. Wanda aka yi wa haka sau biyu, a shekara ta uku zai rage gona, ko ya karkatar da takin zuwa masara, ko ya sayar da shi. Masu ofis sukan kira wannan rashin amana. A gaskiya lissafi ne irin wanda aka koya masa.

Mu da muka fito daga Najeriya muna da abin kwatance a gida. Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Zariya sun san fuloti, sun san injin gurza, sun san lokacin da ake raba angurya kuma hukuma ke sanar da farashi. Hukumomin cinikin amfanin gona na wancan zamani sun tatsi manomi, wannan gaskiya ne, kuma saboda haka ba a yi musu kuka sosai ba da aka rushe su a 1986. Amma da suka tafi ba a kafa wani abu a gurbinsu da zai riƙa faɗa wa manomi wanda zai saya da nawa ba. Iri ya gauraye, inganci ya faɗi, masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya saboda wannan da wasu dalilai, manomin kaɗa ya koma shuka a kan ƙila-wa-ƙala. Kamaru, duk da matsin masu ba da bashi na duniya, ba ta wargaza nata kamfanin ba, kuma noman audugarta ya sake haura tan 300,000 a ƙarshen shekarun 2010.

Bututun da ya wuce ta ƙarƙashin ƙasa

A Oktoban 2000 aka ƙaddamar da aikin bututun mai daga rijiyoyin Doba a kudancin Cadi zuwa gaɓar teku a Kiribi, tsawon kilomita 1,070, mafi yawansa a cikin Kamaru. Mai ya fara gudu a 2003. Bututun ya ratsa yankin Tuboro, kuma ɗaya daga tashoshin tura man tana Dompta. Kamfanonin ExxonMobil da Petronas da Chevron ne suka haɗa jari, Bankin Duniya ya sa hannu bisa sharaɗin Cadi za ta kashe kuɗin man kan yaƙi da talauci. Dokar da Cadi ta yi a 1999 har ta ware kashi 10 cikin ɗari a wani asusu na musamman domin 'yan baya. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan na fata da aka rubuta a doka. A Disambar 2005 majalisar Cadi ta gyara dokar ta soke asusun, a 2008 kuma Bankin Duniya ya janye daga aikin.

A ɓangaren Kamaru, babban abin da ƙasar ke samu shi ne kuɗin wucewa, wanda ya fara daga santi 41 na dala kan kowace ganga, aka ɗaga shi zuwa dala 1.30 a 2013, kuma baitulmalin Yawunde yake shiga. Mutanen ƙauyukan da ke kan layi sun sami diyyar gonaki da itatuwa, matasa sun sami aikin leburanci na lokacin gini, da aka rufe rami aikin ya ƙare. Bambancin wannan da auduga a bayyane yake. A auduga manomi yana da abin yi kowace safiya wanda zai kusantar da shi ga abin da yake sa rai. A bututu babu wani sababi a hannunsa, ba a faɗa masa adadi ba, ba a sa masa rana ba. Saurayin da ya bar gona ya tare a ƙofar sansanin ma'aikata yana jiran a kira sunansa, jiran gawon shanu aka sa shi. A rabon Gazali wannan guri ne, amma adalci shi ne a ce wasu ne suka shuka masa shi.

Hanyar kwalta daga Ngaundere ta Tuboro zuwa Mundu, mai tsawon kusan kilomita 390, wadda Tarayyar Turai ta ba da kuɗinta aka kammala a tsakiyar shekarun 2000, ba a yi mata rabin surutun da aka yi wa bututu ba. Amma ita talaka yana hawanta. Ta haɗa yankin da tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ta sa buhun masara da na waken suya ya sami mai saye daga nesa.

Itace da saniya

Auduga fata ce ta shekara guda. In ana son a san ko mutum yana hangen shekara goma, sai a duba ko yana dasa itace, ko yana gyara ƙasar da ta fara zaizaya, ko yana tara shanu. A nan ne fatan manomin Tuboro yake gajarcewa, kuma dalili biyu ne.

Na farko ƙasa. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ta sa duk ƙasar da ba ta da takarda a ƙarƙashin kulawar gwamnati, alhali a aikace sarakuna da wakilansu ne ke rabawa, su kuma karɓi zakka ko kuɗin gaisuwa. Baƙon da ya sare daji shekara talatin da suka wuce, har yau zamansa ya dogara ga zaman lafiyarsa da masu ƙasa. A wurare da yawa na Afirka dasa itace alama ce ta mallaka, don haka ba a son ɗan aro ya dasa. Mutumin da bai tabbata ɗansa zai gaji gonar ba, me zai sa ya kwashi taki yana kaiwa, ko ya bar gona ta huta? Zai tatse ta ya matsa gaba cikin daji, inda zai ci karo da burtalin makiyaya da iyakar gandun namun daji. Abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram ya nuna ɗaya fuskar. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna renonsu, har aka ƙiyasta an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne lokacin da manomi ya gamsu cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Na biyu tsaro, kuma a nan maganar tana da nauyi. Yankin da ƙasashen nan uku suka haɗa iyaka ya daɗe yana fama da 'yan fashin hanya da ake kira zargina. Masanin tarihi Saibou Issa na Jami'ar Marwa ya bi diddigin yadda sana'ar ta sauya daga tare hanya zuwa sace mutane, musamman 'ya'yan makiyaya, don neman fansa. Saboda wannan annoba aka kafa rundunar sojan Kamaru ta BIR a 2001. Rikicin Afirka ta Tsakiya, bayan 'yan tawayen Seleka sun kama Bangi a Maris na 2013, ya ƙara yawan makamai da 'yan gudun hijira, ya kuma raunana cinikin da ya sa kasuwar Mbaibum ta kan iyaka ta yi suna a shekarun 1990. Mbororo da yawa sun sayar da garke sukutum don su fanshi ɗa, wasu sun bar yankin. Manomin da ya sami kuɗin auduga shi ma ya shiga ido.

Fari da tsutsa suna cin amfanin shekara ɗaya, a sake shuka baɗi. Garkuwa da mutane tana hukunta nasarar kanta. Wanda ya yi rufin kwano, ko ya sayi shanun huɗa biyu, ya nuna kansa. Sai mutum ya koyi ɓoye samu, daga baya ya koyi rage nema. Mutanen Zamfara da Katsina ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Abin da takardar ke nema

Ga malamai masu wa'azi, roƙona shi ne idan ana karantar da tawakkali da kyautata zato ga Allah, a haɗa da babin cika alkawari, a kuma fuskantar da shi ga mai saye da mai mulki kamar yadda ake fuskantar da shi ga talaka. Manomin da ya yanke ƙauna saboda an saɓa masa sau uku yana bukatar a gyara masa mu'amala kafin a tuhumi imaninsa.

Ga 'yan'uwana masu bincike a jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa da na arewacin Najeriya, akwai aikin da za a iya yi ba da kuɗi mai yawa ba. A ƙauyukan Tuboro a riƙa rubuta kwana nawa ke tsakanin awo da biya kowace kaka, a gwada shi da faɗin gonar da aka shuka a damina mai biyowa. A ƙirga itatuwan da aka dasa a gonakin baƙi da na 'yan ƙasa. A bi sawun shanun huɗa a ƙauyen da aka sace mutum da wanda ba a sace ba. Waɗannan alƙaluma za su gaya mana halin zukatan mutane fiye da tambayarsu ko suna da kyakkyawan fata, tambayar da Musulmi da Kirista duka za su amsa da godiya ga Allah.

Ga Sodecoton da tarayyar manoma, abin da ya fi komai daraja a hannunsu shi ne yardar da manomi ya yi cewa maganar da aka faɗa kafin damina za ta tabbata bayan kaka, don haka ranar biya ta zama sananniya kamar yadda farashi yake sananne. Hukumomin Mayo-Rey da masarautar Rai Buba su ba wanda ya daɗe yana noma gona wata shaida a rubuce da za ta ba shi damar dasa itace ya kuma bar wa ɗansa. Gwamnatocin jihohin Katsina da Zamfara da Kaduna kuwa, da suke maganar farfaɗo da noman kaɗa, rabon iri da taki a gaban 'yan jarida ba zai wadatar ba. Su faɗi wanda zai saya, su faɗi farashi kafin ruwa ya sauka, su sa ranar biya, su kuma maimaita haka shekara biyar a jere ba tare da saɓawa ba.